Ina so in haɗa kwamfuta da hannuna a Garwa, ku duba min lissafin nan kafin in tura kuɗi

Dan_Marware, Garwa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ku zo ku duba min wani lissafi kafin in yi aikin da-na-sani, don kuɗin nan ba a hanya na tsince su ba.

Ni a Garwa nake, ina da ɗan shago ina montaj ɗin bidiyon biki da na suna, ina buga katin gayyata, wani lokaci 'yan makaranta su kawo a buga musu takardu. Shekara huɗu ke nan ina tare da wata laftof okaziyo, wato ta hannu, i5 ƙarni na 6, ram 8, ta yi min bauta ba zan ci amanarta ba amma gaskiya ta gaji. Bikin da na ɗauka a watan huɗu, bidiyon minti arba'in ne fa kawai, na sa ta fitar da shi tun bayan la'asar har aka yi isha'i tana gurnani kamar injin markaɗe, ta kai kashi tamanin da wani abu sai ɗif ta mutu don zafi, sai da na ɗora ta kan bulo biyu na juya mata fanka ni ina zaune ina zufa sannan ta gama wajen ƙarfe ɗaya na dare, uwar amarya kuwa ta kira ni ya fi sau goma har na fara jin kunyar ɗaga wayar. Wanda ya san Garwa a watan uku da na huɗu ya san me nake faɗi, a inuwa ma zafi haura 40 yake.

To na tara sefa dubu 300 har da kwasar adashe, kuma na ƙudurta wannan karon kwamfuta ta tebur zan yi, in sayi kayan ɗaya bayan ɗaya in haɗa da kaina yadda nake gani a YouTube. Wani abokina da ke Yawunde, shi ma ba wai ya san harkar ba ne, ya zaga Avenue Kennedy shago-shago ya turo min hotuna a WhatsApp, ni kuma na tsinci wanda kuɗina zai kai a kowanne. Ga abin da na tsayar: firosesa Intel i5-12400F sabo a kwali, kart mer (babban faifan da ake jona komai a kansa) B450 okaziyo, ram DDR4 giga 16 sanda ɗaya, SSD (ma'ajiyar fayiloli) 256, sai wani akwati mai gilashi da fitilu masu canza kala wanda wallahi shi ya fi burge ni, kuma alim (abin da ke raba wa kayan wuta) mai wat 500 yana ciki kyauta. Katin hoto na ce a bar shi sai bayan Sallah in Allah ya hore. Ekran, wato allon kallo, ina da wani tsoho inci 22.

Tambayata, kayan nan za su hau juna? Sannan mutumin da bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba, sai dai waya da rediyo, zai iya haɗawa ko in nemi mai gyara? Wasu na ce min in daina wahalar da kaina in sayi haɗaɗɗiya kawai. Gobe ko jibi nake son in tura masa kuɗin ta Orange Money.

Malam_Gyara, Marwa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka riƙe kuɗinka a aljihu tukuna, kar ka tura ko dala.

Na fi shekara ashirin ina buɗe cikin injinan nan a Domayo, tun zamanin Pentium 4, kuma lissafin nan naka ko ni aka kawo wa ba zai tashi ba. Firosesan da ka zaɓa na Intel ne, mazauninsa LGA1700, ita kuma B450 ta AMD ce, mazauninta AM4. Ba ma maganar ƙin aiki ake ba, ba zai shiga ramin ba sam, kamar ka sayi tayar mota ka ce keke za ka ɗaura wa. Na Intel ɗin bayansa sumul yake, alluran suna jikin kart mer, na AM4 kuwa alluran a jikin firosesa suke. In 12400 kake so dole ka nemi H610 ko B660 ko B760, su ma ka buɗe ido don akwai masu cin DDR4 akwai masu cin DDR5, tsawonsu ɗaya amma wushiryar da ke tsakiyar haƙoransu ba wuri ɗaya take ba. Na ga wanda ya danna da ƙarfin tsiya har ya fasa ramin.

Na biyu, harafin F ɗin nan da ke ƙarshen lambar ba ado ba ne, ma'anarsa babu sashen hoto a cikinsa. Kai kuma ka ce katin hoto sai bayan Sallah. To ko ka haɗa komai daidai, fanka za ta juya, fitilunka masu canza kala su yi ta rawa, ekran kuwa baƙi ƙirin zai zauna har bayan Sallar. Ko dai ka ɗauki 12400 maras F, wanda ma gwani ne wajen fitar da bidiyo, ko ka bi abin da nake gaya wa yaran da ke zuwa wurina da irin kuɗinka, Ryzen 5 5600G. Tun 2021 yake kasuwa, zuciya shida gare shi, ajin wat 65 ne, sashen hotonsa yana ciki kuma ya ishe ka montaj ɗin biki, fankarsa a kwali ɗaya suke zuwa, sannan yana hawa B450 ɗin da ka gani. Sai dai akwai tarko. B450 ta girme shi, 2018 ta fito, in ba a sabunta mata BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikinta, ba ba za ta gane shi ba. Ka ce wa abokinka kar ya karɓi kaya sai mai shago ya ɗora firosesan a kanta a gabansa, ya kunna, hoto ya fito, ya ɗauko maka bidiyo ka gani. Kar ka yarda a ce ka je ka sabunta a gida, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aikin kart mer na iya zama farantin shan shayi.

Ram kuma kar ka sayi sanda ɗaya ta 16, ka sayi biyu masu takwas-takwas iri ɗaya. Hanya biyu ke nan maimakon ɗaya, kuma shi 5600G ba shi da rumbun kansa na hoto, a ram yake aro, don haka bambancin da idonka za ka gan shi. SSD 256 kuwa biki uku sun cika shi, ka nemi 500 ko sama, irin siririn nan NVMe da ake kwantarwa a jikin kart mer. Na san tun ƙarshen 2025 ram da SSD sun yi tashin gwauron zabo saboda manyan kamfanonin AI sun rufar wa masana'antun, amma gara ka rage a wani wuri.

Inda za ka rage ɗin shi ne akwatin gilashi, kuma wannan ce maganar da ta sa na ajiye aiki nake wannan dogon rubutu. Alim ɗin da aka ce maka kyauta ne, shi zai cinye sauran kayan. Yawancin matattun injinan da ake kawo min ba firosesa ne ya gaza ba, ba ram ba, wuta ce ta shigo ta alim maras kirki ta zarce ciki. In na kwance irinsu sai in ga an rubuta wat 500 a takarda, amma ka ɗaga shi kamar gwangwanin madarar da aka shanye, wayoyi sirara, ciki fili fetal, gurbin da ya kamata a sa kayan kariya an tsallake shi da guntun waya. Na kirki yana da nauyi a hannu, yana da tambarin 80 Plus, a jikinsa za ka ga an rubuta 100 zuwa 240, wato ko wuta ta yi ƙasa zai jure. Corsair, Seasonic, Cooler Master, duk wanda ka samu na asali mai wat 450 ko 550 ya ishe ka har ranar da za ka ƙara kati. Tambarin ma ana buga na jabu, shi ya sa nake cewa a ɗaga a ji nauyi, a kuma karɓi faktir, wato rasit, mai garanti.

Masu bidiyon da kake kallo suna zaune ne inda wuta ba ta ƙiftawa, ɗaki kuma da sanyi. Mu nan jihohin arewa uku Lagdo muka rataya a wuya, madatsar da aka gama tun 1982, injin huɗu, megawat 72 in ruwa ya cika, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya kai da ke kusa da ita ka fi ni sanin yadda ake rabon wutar unguwa-unguwa. An ƙara na hasken rana a Marwa da Gider, an ɗan samu sauƙi, amma ni ɗaukewar ba ita ke ba ni tsoro ba, dawowar ce, lokacin da take faɗowa da ƙarfi ga firij ga injin walda kowa ya tashi lokaci guda. Saboda haka ondilar, wanda mutanen Najeriya ke ce wa UPS, ka sa shi a lissafi tun yanzu kamar yadda ka sa firosesa. Ka kula, lambar da ke gabansa VA ce ba wat ba, mai 650 VA in ka juya bayansa wat 360 ko 390 za ka gani. Ga injin 5600G da ekran ɗaya ya isa, zai ba ka 'yan mintuna ka adana aikinka ka kashe, ba wai ka miƙe ƙafa ka ci gaba da montaj ba. Batirinsa kuma ba ya shiri da zafi, a garinku kar ka yi mamaki in ya nemi canji da wuri.

Haɗawa kuwa za ka iya. Wanda ya kwance rediyo ya mayar ba abin da zai gagare shi a nan, kowace waya da bakinta.

Abba_Ngeli, Injamena:

Salam. Malam kun gama magana akan alim da ondilar ba abinda zan kara, amma da izininku zan dan saba muku a wuri daya. Dan uwa kai sana'a kake ba wasa ba, in injin ya tsaya kwana uku kudi ne suka tsaya, kuma duk kayan nan daga Yawunde zasu zo, in guda daya ya iso matacce sai ka maida shi ajans, wato tashar motocin kamfani, yayi kwana da kwanaki a hanya mai shago kuma yace ai lafiya lau ya bayar kai ka lalata. Ni nan abinda nake aiki dashi shekara biyu kenan HP EliteDesk ce okaziyo irin wadda ofisoshin turai ke sallamawa, i5 karni na 8, na tsallaka gadar Ngeli na dauko ta a Kusuri, na kunna ta gaban mai ita na zauna kusan awa daya ina gwadawa kafin na biya, na daura ta bayan moto na dawo gida. Na kara mata ram na sa SSD shikenan har yau ko tari bata yi ba. Abinda na kashe bai kai rabin kudinka ba, sauran na zuba a batir da faifan sola, don mu nan wutar gari bakuwa ce in tazo mu gaisa in ta tafi muce ta gaida gida, kuma wanda ke kan sola shi yasan darajar wat daya.

In wannan hanyar zaka bi kar ka sauka kasa da karni na 8. Windows 10 an daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma 11 a ka'ida daga karni na 8 take farawa, shi yasa yanzu kasuwa ta cika da na karni na 4 da na 6 ana daga maka takardar i7 kana jin dadi, alhali i7 karni na 4 tun 2013 ne yaron da aka haifa lokacin ya isa aike kasuwa. Ka tafi da manhajar CrystalDiskInfo a kle dinka na USB ka duba awa nawa diski yayi yana aiki. Aibinta kuma ba zan boye ba, alim dinta nata ne na gida, wat 200 ko 250, bakin wayoyinsa ba irin na kowa bane in ya mutu sai ka sha yawo, kuma siririn akwatin baya daukar babban kati sai gajere.

Maganar kati bayan sallah kuwa dan Allah in lokacin yazo ka dawo nan ka tambaya. Ni an taba min sakiyar da ba ruwa, wani a intanet ya sa GTX 1050 Ti a farashin da ya kamata yasa in gudu amma kwadayi ya ja ni, kati yazo fes da kwalinsa, na sa ya kawo hoto har Windows ta rubuta sunan daidai, ina bude aiki mai nauyi sai ekran ya cika da zane zane ya daskare. Wani yaro ya sa min manhajar GPU-Z mai duba kati sai gashi ya nuna jabu ne, ashe tsohon GTS 450 ne na 2010 aka canza masa suna daga ciki. Abinda ya kamata ya farkar dani tun farko bakin VGA ne mai shudi a bayansa, 1050 Ti na gaske baya zuwa dashi. Mai kayan kuwa tun ranar lambarsa bata kara shiga ba. Dabarar da na koya daga nan, sefarmu a daure take da yuro, yuro daya 656 in an cike, ka duba farashin abu a shagunan Faransa a intanet ka ninka, ka dora kudin jirgi da na kwastan da ribar mai shago, in wanda ake tallata maka ya sauko kasa da na Faransa din kuma ance sabo ne to ka dafe aljihunka.

Ummi_Dang, Ngaundare:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a Dang, bara na haɗa tawa da kuɗin da na tara ina buga wa mutane memwar, wato kundin kammala karatu, irin wadda Baba Malam ya faɗa ce sak, sai dai ni B550 na samu. Yaya Abba yana da gaskiya ta wajen kuɗi, amma ni dai ban yi nadama ba, yanzu duk abin da ya same ta na san inda zan taɓa ba sai na kinkime ta zuwa wurin kowa ba.

Ɗan'uwa abu na farko kar ka fara da akwati. Ka ɗora kart mer a kan kwalinta a tebur, ka sa firosesa da fanka da ram da SSD, ka jona alim da ekran, ka tada ta a nan fili, allurai biyu ne na kunnawa ka taɓa su tare da bakin sukudireba, littafin da ke kwalin zai nuna maka su. In hoto ya fito ka san kayanka lafiya suke, duk abin da ya faru bayan nan hannunka ne.

Wajen sa firosesa ne nawa hannun ya yi ta rawa, allurai 1331 ne a bayansa kamar gashin buroshi, ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku. Akwai ɗan alama mai kusurwa uku ruwan zinare a gefe guda, ka daidaita shi da na mazaunin, ka ɗaga ƙarfen gefe, ka sake shi kawai da kansa zai faɗa, in bai faɗa ba to ba daidai ka ajiye ba, kar ka danna. Fankar da ke kwalin tana zuwa da man sanyaya an riga an shafa mata, kar ka ƙara wani kuma kar ka sa yatsa, sukurorinta huɗu ka ɗaure su kaɗan-kaɗan kana tsallakawa kusurwa zuwa kusurwa. Ita ram akasin firosesa ce, tana son ƙarfi fiye da yadda kake zato, sai ka ji ƙas, in ramuka huɗu ne yawanci na biyu da na huɗu daga firosesa ake sa wa. Wayar wuta biyu ce ke shiga kart mer, babbar mai 24 kowa na ganinta, ƙaramar mai 8 da ke can kusurwar sama ita ake mantawa. Ni abin da na manta shi ne faifan ƙarfen nan na baya da bakunan USB ke leƙowa ta ciki, sai da na ɗaure komai na zauna ina yaba kaina sannan na gan shi a kwali yana kallona, na kwance duka daga farko, ƙawata har da riƙe ciki. Ka kuma tabbatar 'yan ginshiƙan tagullan da kart mer ke zama a kai sun yi daidai da ramukanta, kar a samu rara a ƙarƙashi yana taɓa ta.

In lokacin hunturu ne ka san tartsatsin nan da bargo ke yi in ka yaye shi da dare, to shi kaɗai ya isa ya kashe ram ba tare da ka ji komai ba. Ka yi aikin a kan siminti ba takalmi, ban da kafet, ka dinga taɓa ƙarfen taga, kaya kuma ka riƙe su ta gefe.

Akwatin gilashin nan kuwa ka haƙura da shi, ni ma na so shi. Mu nan kan tudu muke muna da sanyi, ku Garwa in gaban akwati a toshe yake da gilashi ta ina iska za ta shiga? Ka nemi mai raga a gaba da matacin ƙura da ake zarewa a wanke, fanka biyu na shigo da iska ɗaya na fitarwa, ka ɗora shi kan tebur ba ƙasa ba. Lokacin hazo ni duk sati biyu nake zare ragar, abin da ke fita kamar an tankaɗe gari. In za ka hura cikin da bulowa ka riƙe fukafukan fanka da yatsa kar su yi ta gudu. Ka sa manhajar HWMonitor kana kallon zafi, iyakar 5600G 95 ce amma kar ka bari ya saba zama kusa da nan. Sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, wasu DOCP suke rubutawa, in ba haka ba ram ɗin da ka biya kuɗin 3200 za ta yi ta tafiya a 2133 ko 2400 ba ka sani ba.

Kuma kar a haɗa maka a can a turo, kowanne ya zo a kwalinsa. Jirgin dare zuwa nan ba matsala, amma daga nan zuwa Garwa mota ce, ga gangaren dutsen falez ga 'yan lodi masu jifa da kaya.

Alhaji_Mai_Koli, Garwa:

Yaro in ba sauri kake ba ni ina shiga Kano lokaci-lokaci, Beirut Road akwai kayan nan, wani lokaci in canji ya yi kyau an fi samun sauƙi. Amma garanti ka manta da shi, ba mai sake tsallaka iyaka don sandar ram ɗaya. Wutarmu da tasu ɗaya ce, bakin waya ne ya bambanta, nasu mai ƙafa uku ne irin na Ingila namu zagaye ne irin na Faransa, wayar alim zarewa ake sai ka sayi tamu a nan, kar ka sa adafta mai araha tana tartsatsi. Klaviye, wato kibod, kuma a nan za ka saya tunda kana buga takardun faransanci, nasu ba é ba ç. In kuma okaziyo ce daga Amurka ka leƙa bayanta, wasu tsofaffin suna da ɗan jan makunni 115 da 230, ɗan ƙanena ya jona tasa yana kan 115, ƙarar har maƙwabta sai da suka fito.

Dan_Marware, Garwa:

Jama'a na dawo, ku yafe min shirun, sati uku ke nan. Malam Allah ya saka muku da alheri ya ƙara girma, da na tura kuɗin nan a ranar da yanzu ina zaune da firosesa da kart mer suna kallon juna. Yaya Abba na auna maganarka sosai har na je na duba wasu HP a kasuwa, amma zuciyata ta riga ta tafi, kuma ina son in ƙara kati nan gaba.

Abin da na saya: 5600G, B450 ɗin nan an sabunta ta a gaban abokina ya turo bidiyo, ram takwas biyu, NVMe 500, alim 550 mai 80 Plus wanda da na ɗaga shi na gane abin da Malam ke nufi, akwati baƙi mai raga ko fitila ɗaya babu, ondilar kuma a nan Garwa na saya. Kuɗin sun haura da dubu ashirin da wani abu, yayana ya cika min.

Malama Ummi na bi maganarki, a kan kwali ta tashi bugu ɗaya har na yi kabbara ni kaɗai a shago. Da na shigar da ita akwati na ɗaure komai na danna makunni, shiru. Na sake dannawa, shiru, ko fanka ba ta motsa ba, wallahi sai da na ji cikina ya juya, na zauna kan benci ina lissafin adashe. Kusan minti talatin ina zare wayoyi ina mayarwa, ashe 'yan siraran wayoyin gaban akwati ne, na sa ta makunni a kan alluran fitila. Na haska da tocilan waya na karanta rubutun da ke jikin kart mer na matsar da ita, sai fuuu.

Bidiyon da ya kai ni ƙarfe ɗayan dare shi na fara gwadawa da gangan, na sa shi bayan magariba, kafin a kira isha'i ya gama, zafi bai wuce 78 ba ƙofa a buɗe. Sau biyu wuta ta ɗauke a satin nan ondilar ya yi ta kuka na adana na kashe lafiya.

Saura abu ɗaya da ke damuna. In ba takalmi a ƙafata na taɓa bayan akwatin ko bakin USB sai in ji yana ɗan jan hannuna, ba sosai ba, kamar cizon tururuwa. Wani abu na haɗa ba daidai ba ne?

Malam_Gyara, Marwa:

Madalla ƙanena, Allah ya sa albarka a sana'a. Ba haɗinka ba ne, shagonka ne ba shi da wayar ƙasa. Kowane alim yana zubar da 'yar wuta kaɗan a jikin akwati don ta bi waya ta uku ta shige ƙasa, in ba ta samu hanya ba sai ta bi ta ƙafarka. Kar ka saba da shi, don kariyar da ke cikin ondilar ɗin ma ba ta cika aiki in babu wannan wayar. Ka kira mai aikin wuta ya kafa maka sandar jan ƙarfe a ƙasa, wuri mai ɗan damshi ya fi, bayan shago inda kuke zubar da ruwan alwala ma ya yi, ya jawo waya mai launin kore da rawaya zuwa soket mai ƙarfen ƙasa, ka kuma duba rallonj ɗinka, wato wayar ƙarin soket, don da yawa waya biyu ce kawai a ciki ko da ramin uku ne. Kafin ya zo ka sa silifas, kuma ka daina zare kebul ɗin ekran injin na kunne.

Damina na tafe, in ka ga hadari ya haɗo ta gabas kar ka tsaya ga kashewa kawai, ka zare daga bango gaba ɗaya har da wayar firinta.